Ranar da Malam Sha'aban Ya Goge Allo

A wani gari da ke tsakanin Zango da Baure akwai makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo, kuma duk wanda ya zauna a bencinta a shekarun nan ya san Malam Sha'aban, malamin Turanci. Dogo ne siriri mai saurin fushi. Ba ya dukan yara, amma da yawansu sun gwammace bulala da harshensa. Babu abin da ke tayar masa da hankali irin ɗalibi ya cika shafi da rubutu babu aya ko ɗaya. Sai ya miƙa wa mai littafin kayansa ya ce ya karanta da ƙarfi, kada ya kuskura ya ja numfashi sai inda ya sa aya. Yaro ya yi ta karatu har idanunsa su firfito, 'yan aji suna ta dariya, sannan Malam ya karɓe littafin ya ce, "To haka kake so ka shaƙe mai duba takardarka."

Tun daga aji ɗaya yake fara musu. Jimla da babban harafi take farawa, da aya take ƙarewa. Sunan mutum da na gari da na rana duk babban harafi ne. In mai aikin mutum guda ne, ba ni ba, ba kai ba, to aikatau sai ya ɗauki s a wutsiya: he goes, she sells. In suna da yawa, s ɗin ta faɗi: they go. Kalmar people jam'i ce tun asali, wanda ya ƙara mata s ya yi mata kaya biyu. Haka yake maimaitawa kowace shekara har muryarsa ta dushe, kuma kowace shekara in sakamakon jarrabawar fita ya zo, waɗanda suka ci Turanci ba sa cika yatsun hannu ɗaya. Wannan yana cin ransa fiye da yadda yake nunawa.

Shekarar da abin ya faru ita ce ta biyu da ƙaddamar da Shari'a a jihar. Garin ya sauya. An rufe rumfar caca da ke bayan tasha, an hana kiɗa a wurin biki, 'yan mata sun koma zama a ɓangare guda na aji. Wanda ke jagorantar kwamitin gari a kan waɗannan al'amura shi ne Alhaji Maharazu, falken shanu da ke saye a kasuwar Mai'aduwa yana kaiwa kudu. Shi ne kuma shugaban kwamitin iyaye da malamai na makarantar. Bayan haka kawu ne ga Talatu, matar Malam Sha'aban, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba da aurenta. 'Yarsa Siddiƙa tana ajin ƙarshe a wannan shekarar, kuma ita ce ɗalibar da Malam ya fi sa rai da ita. Ba ta da surutu, amma in ta rubuta insha'i, jan biron Malam bai cika samun aiki ba. Burinta ta karanta unguwarzoma.

Gab da fara jarrabawa, firinsifal Alhaji Nu'uman ya kira Malam Sha'aban ofis. Ya sa aka rufo ƙofa, ya yi ta kewaye-kewaye a kan zafin gari da jinkirin ruwan shuka, sannan ya zo kan magana.

"Malam Sha'aban, iyayen yara sun zauna. Sun ce bana a taimaka wa yaran nan a Turanci."

"Ai shekara shida ke nan ina taimaka musu, ranka ya daɗe."

"Ka gane nufina. Ranar insha'i, in an buɗe tambayoyi, ka zaɓi guda ka rubuta musu a allo. Mai sa idon da za a turo mutumin kirki ne, an riga an gana da shi."

Malam Sha'aban ya ɗaga kai. Ya dubi kalandar da ke bango mai ɗauke da ayoyin Alƙur'ani, ya dubi firinsifal.

"Wato in yi musu satar amsa."

"Kai ka kira shi haka. Makarantun da ke kewaye da mu duk abin da suke yi ke nan. Mu kaɗai ake kira ofishin shiyya kowace shekara ana wanke mu."

"To a ci gaba da wanke mu. Ni dai hannuna ba zai yi ba."

Ya miƙe ya fita ba tare da an sallame shi ba. Daga ranar ba wanda ya sake tayar masa da maganar, har ya ɗauka ta mutu.

Ranar da za a rubuta Turanci, da sassafe, firinsifal ya tare shi a bakin makaranta ya ce ana nemansa a ofishin shiyya a Daura, wai taron malaman Turanci ne, kada ya makara. Malam Sha'aban ya hau babur ɗinsa ya kama hanya. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, gonaki cike da mutane ana shukar gero. Yana tafe yana juya maganar a ransa. Wane irin taro ne za a kira malaman Turanci ranar da ɗalibansu ke rubuta Turanci? Da ya iso Zango sai ya hangi wani abokin aikinsa, malamin Turanci a wata makarantar, zaune wurin mai faci. Ya tsaya ya tambaye shi taro. Mutumin ya ce shi bai ji wani taro ba. Malam bai ko yi masa sallama ba, ya juya babur.

Ya tarar da makaranta tsit. Mai sa ido yana zaune a gindin darbejiya shi da firinsifal, an aje musu kwanon kaji, sun ba zauren jarrabawa baya. Malam ya kashe babur daga nesa ya tura shi, ya zagaya ta bayan zauren ya leƙa ta taga.

Wani saurayi ne tsaye gaban allo da alli a hannu, ya cika kusan rabinsa da rubutu. Malam ya gane shi tun daga ƙeya. Sabiru ne, tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu yake kwalejin horon malamai, wanda sai da ya zauna jarrabawar Turanci a wani gari kafin ya samu ya haye. Tambayar kuwa mai sauƙi ce, irin wadda Malam ya sha ba su a aji: a kwatanta ranar kasuwa a garinku. Ga abin da Sabiru ya fara da shi:

my town market it is holding every week the peoples comes from many place they brings there animals

Haka ya gangara layi bayan layi, babu babban harafi, babu waƙafi, babu aya. Yara fiye da ɗari sun sunkuyar da kai, su ɗago su dubi allo, su sake sunkuyawa. Har waɗanda Malam ya tabbata sun san ba a cewa peoples, yana gani suna kwafa da s ɗinta, don a allo suka gan ta.

Satar ta ba Malam Sha'aban haushi, amma a wannan lokacin ba ita ce ta fi ƙona masa rai ba. Abin da ya fi ƙona shi shi ne ganin shekarun da ya yi yana fama da yaran nan ana rushe su a gabansa da alli guda. Bai san sanda ya zagayo ya shiga zauren ba. Ya fizge allin daga hannun Sabiru.

"Wa ya koya maka wannan? A ajina ka ji an ce peoples comes?"

Sabiru ya ja da baya yana in'ina. "Malam, sauri nake yi, ce mini aka yi..."

Malam bai saurare shi ba. Ya goge ƙaramin m na farko ya dasa babba. Ya soke it. Ya sa aya bayan week, ya cire s daga peoples, ya cire ta comes, ya mayar wa place tata. Ya zo kan there ya kashe ta ya rubuta their, yana faɗa da ƙarfi kamar a aji, "There wuri ne, their mallaka ce, sau nawa zan faɗa muku?" Alli na karyewa yana ɗaukar wani.

Ya kai layi na uku ko na huɗu sannan kunnensa ya kama wani sauti a bayansa, ƙarar biro a kan takarda, da yawa, a tare. Ya waiga. Duk zauren suna bin hannunsa. Inda ya soke su soke, inda ya sa aya su sa. Wasu har murmushi suke yi, hankalinsu ya kwanta, Malam da kansa ya zo. Ta bakin ƙofa kuma ga firinsifal tsaye ya harɗe hannuwa yana gyaɗa kai.

Sai a lokacin Malam ya ga abin da yake yi. Abin da ya ce hannunsa ba zai yi ba, ga shi yana yi, har ya fi Sabiru iyawa. Kunya da takaici suka haɗu suka rufe masa ido. Ya nemi abin goge allo bai gani ba, sai ya tuɓe hularsa ya bi allon da ita daga wannan kusurwa zuwa waccan, har bai bar ko harafi ɗaya ba.

Zauren ya kaure da hayaniya. Wasu samari a baya suka miƙe suna buga benci. Wata yarinya ta fashe da kuka. Malam ya juyo, ƙurar alli ta yi masa fari a gemu, ya ɗaga murya.

"Kowa ya zauna. Wanne ne a cikinku bai san kasuwar garin nan ba? Ku rubuta abin da kuka sani. Gajerun jimloli, kowace da mai aiki da aikinsa, ku sa aya ku fara wata. Kuna da sauran lokaci."

Bai ƙarasa ba firinsifal ya riƙo hannun rigarsa. "Fita, Malam Sha'aban. Fita kafin yaran nan su yi maka rauni in rasa abin faɗa."

"Sake ni. Kai ka aike ni Daura taron ƙarya, ka kawo wanda bai iya rubuta sunan rana da babban harafi ba ya kashe mini yara."

"Kai ka kashe su. Yanzu da hannunka."

Maigadi da wasu malamai biyu suka fitar da shi. Mai sa ido, da ya ga abin ya zama rigima, ya wanke hannu ya shigo zauren ya zauna a kujerarsa, ya ce daga yanzu ba mai sake kusantar allo. Sabiru ya sulale ta baya. Da Malam ya je ɗaukar babur ɗinsa ya tarar an sace masa iskar tayoyin duka biyu, haka ya turo shi har gida cikin rana, mata suna leƙensa ta kan katanga, don labari ya riga shi isa.

Bayan la'asar Alhaji Maharazu ya yi sallama a ƙofar gida. Bai yarda ya shiga zaure ba, bai karɓi tabarmar da aka shimfiɗa masa ba. A tsaye suka yi maganar.

"Sha'aban, me mutanen garin nan suka yi maka?"

"Ba su yi mini komai ba, Kawu."

"To don me ka tozarta mu? Ka san shekara nawa muna neman ɗan garin nan ko ɗaya da zai zauna a asibitinmu? Matanmu na haihuwa a bayan mota a hanyar Daura. A sakatariya babu namu. Duk inda yaranmu suka je a ce sai da Turanci. Lissafi sun ci, kimiyya sun ci, a tsaya a kan yaren da ba na uwarsu ba, ba na addininsu ba. Mun ce a ɗaga musu ƙafa sau ɗaya, ka je ka yi mana wannan."

Malam Sha'aban ya san akwai gaskiya a maganar, kuma wannan ya ƙara masa zafi.

"Kawu, watan jiya ku kuka kama Ya'u da akuyar da ba tasa ba, kuka kai shi gaban alƙali, duk gari ya fito kallo. Ni ma na je. Na ji da kunnena kuna cewa an daina sata a garin nan. Wannan da aka yi yau mene ne sunansa?"

"Kada ka haɗa mini ɓarawon akuya da yara masu neman ilimi. Hakkin wa suka ci?"

"Hakkin yaron da ya zauna ya rubuta da kansa a wani gari. Da hakkin matar da za ta kwanta gaban wadda ba ta iya karanta abin da ke jikin kwalbar magani ba."

"Siddiƙa ce ba ta iya karatu ba?"

"Siddiƙa ba ta buƙatar allon nan. Da kun bar ta, da kanta za ta ci."

Alhaji Maharazu ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "An gaya mini kai ma ka ɗauki alli ka yi gyara. Ashe ba satar ce ta dame ka ba, kuskuren ne. Da yaron ya rubuta daidai da ka wuce abinka."

Alhaji ya gyara babbar rigarsa ya tafi.

A cikin gida ma bai samu sauƙi ba. Talatu ta ji komai daga bayan ƙofa. Ta dire masa kwanon tuwo ta ce, "Malam, da ka ƙi tun farko ka yi tafiyarka Daura, ba mai cewa komai. Da ka shiga ka goge kawai, a ce halinka ne. Amma ka gyara sannan ka goge? Yanzu ni da wane ido zan shiga gidan Kawu?"

"Ki shiga da idon da kike da shi. Ni na aike su su yi sata?"

Ta ɗauke kanta ta shige ɗaki. Tuwon nan haka ya huce ba wanda ya taɓa.

Washegari da hantsi Siddiƙa ta zo gidan, wai ta zo wurin Talatu. Malam yana tsakar gida yana fama da tayar babur. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, amma ba ta tashi ba. Idanunta sun kumbura.

"Malam, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Da Sabiru ya fara rubutu ban kalli allon ba. Nawa nake yi. Na yi shafi ɗaya da rabi, na kawo rumfar masu hatsi, na kawo kara wurin masu shanu, saura in rufe. Sai kuka shigo kuka karɓi alli. Na ce tunda Malam ne da kansa, to nasa ya fi nawa, kuma ba laifi ba ne ke nan. Na ja layi na soke nawa duka, na fara kwafar naku. Ina layi na huɗu kuka goge."

Malam ya aje sifanar da ke hannunsa.

"Na sake farawa daga farko, ban kai rabi ba aka ce a aje biro. Ni ban ce a taimake ni ba, Malam. Ban roƙi Baba ba, ban roƙi kowa ba. Ku kuka koya mini, ku kuka sa na soke."

Ba ta ɗaga murya ba, amma bai taɓa jin wanda ya yi masa faɗa irin wannan ba. Ya so ya ce mata ai ba wanda ya ce ta soke, ya ga maganar ba ta da kai. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Na ji, Siddiƙa." Ta miƙe ta fita, ko ɗakin Talatu ba ta leƙa ba.

Kafin a koma hutu takardar canjin wurin aiki ta same shi. An tura shi wata ƙaramar makaranta a wajen Kongolam, bakin iyaka, inda rabin yaran kan tsere daga aji ranar kasuwa su je dako. Ya je ofishin shiyya ya faɗi duk abin da ya faru, har da nasa. Jami'in da ya saurare shi ya ce za a bincika, ya kuma ba shi shawara ya rage zafin kai. Ba a bincika komai ba.

Da sakamako ya fito, kusan duk ajin sun faɗi Turanci. Siddiƙa ta ci sauran darussanta da kyau, a Turanci kuwa kiredit ya kuɓuce mata da kaɗan. Wata makaranta da ke kusa da su, wadda kowa ya san yadda aka yi a cikinta, yaranta suka haye gaba ɗaya, har aka yaba wa shugabanta a taro. A garin, in Malam ya zo wucewa majalisa sai a yi shiru, wasu su amsa sallamarsa a ciki-ciki. Wata tsohuwa, Nagoggo, wadda jikanta ke cikin ajin, ta tare shi a bakin masallaci ta ce ta bar shi da Allah. Ya tsaya ya saurare ta har ta gama, ya wuce yana huci, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Ƙarshe ya kwashe iyalinsa suka koma Mai'aduwa.

Siddiƙa ta yi wata da watanni ba ta neme su ba. Sai bayan an gama girbi ta aiko wa Talatu cewa za ta sake zama jarrabawar a Daura, a tambayi Malam ko zai duba mata abin da take rubutawa. Ta riƙa bayarwa ana kawowa a motar kasuwa, shi kuma ya duba ya mayar. Ba ta taɓa haɗawa da gaisuwa ba, shi ma bai taɓa ƙara ko kalma a kan gyaran ba. Ta ci a wannan karon, ta samu makarantar unguwarzoma, shekara guda a bayan sa'o'inta na wasu garuruwa.

Alhaji Maharazu bai sake taka gidan Malam Sha'aban ba. Ko da Talatu ta haihu, rago ya aiko da shi, shi bai zo suna ba. A tsohuwar makarantar kuwa, shekarar da ta biyo baya an samo wani malami daga Katsina wanda ya iya Turanci sosai, ranar jarrabawa aka kulle ƙofar makaranta tun safe, ya rubuta musu amsa a allo, yara suka ci. Wani direba ne ya ba Malam labarin a tashar Kongolam yana dariya. Malam ya ce masa ya ja motarsa ya ba shi wuri, ya tayar da babur ya nufi aji.